Yadda Ake Ɗora Sarƙar Tayimin Mai Layi Biyu a Injin Chevrolet 350

Injin Chevrolet mai silinda takwas da Amurkawa ke kira ƙaramin bulok ya fito ne a shekarar 1955, ƙarƙashin jagorancin injiniya Ed Cole, kuma samfurinsa da ya fi yin suna, wato 350 mai lita 5.7, ya fara bayyana a motar Camaro ta 1967. Tun daga wancan lokaci masu sha'awar gudu suke ƙara masa ƙarfi, su sa masa kamshaf (sandar da ke buɗe bawuloli) mai ɗaga bawul sosai, su sa sifirin bawul masu tauri, su riƙa kai shi juyin da kamfani bai yi nufin a riƙa kai shi kullum ba. Duk wannan ƙarin nauyi yana sauka ne a kan wata gajeriyar sarƙa da ke ɓoye bayan famfon ruwa, wato sarƙar tayimin, wadda ke ɗauko juyi daga karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) ta miƙa wa kamshaf, ta yadda duk juyi biyu na karanshaf kamshaf zai yi juyi ɗaya. Idan ta saki, bawul ya daina buɗewa a kan lokacinsa, wutar fulogi ma ta riƙa yawo, domin distiributa daga jikin kamshaf take samun juyinta.

Sarƙar da kamfani ya saka a yawancin tsofaffin injunan nan ta siraran ƙarafa ce da aka jera gefe da gefe, an yi ta ne don kada ta yi ƙara, kuma shekaru da dama farantin saman da sarƙar ke hawa, wato na kamshaf, na alminiyam ne da aka lulluɓe haƙoransa da nailan. Ga motar zuwa aiki da kai yara makaranta wannan ya wadatar. Amma zafi da tsufa suna busar da nailan ɗin har ya riƙa ɓantarewa. Na taɓa sauke kaskon baƙin mai na irin wannan inji na tarar da rariyar famfon mai ta cika maƙil da gutsattsarin haƙora masu launin ƙasa-ƙasa, kamar ɓarzajjen masara, har sai da na sa tsinken waya na riƙa zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya, alhali mai motar ƙorafinsa kawai shi ne allurar ƙarfin mai tana faɗuwa idan inji ya yi zafi. Saboda haka duk wanda ya buɗe ya ga haƙoran farantinsa sun guntule, to aikinsa ya haɗa da sauke kasko da wanke rariya, ko ya so ko bai so ba.

Kafin a kwance komai ana iya gane yawan sakin sarƙar. Ka cire murfin distiributa, ka ɗora sifana a kan notin karanshaf, ka juya inji hannun agogo har alamar tayimin da ke jikin damfa, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke hancin karanshaf, ta zo daidai sifili. Daga nan ka juya baya sannu a hankali, idonka a kan rotar distiributa, ka tsaya da zarar ta motsa. Digirin da alamar ta tafi kafin rota ta motsa shi ne sakin da ke jikin sarƙa, kuma idan ya doshi digiri 10, sarƙar ta gama aikinta. Wata alamar ita ce idan aka haska fitilar tayimin inji yana aiki, a ga alamar tana rawa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Wajen saye ne mutane da yawa ke yin kuskuren farko. Abin da ake nema shi ne saiti cikakke, sarƙa da faranti biyu, domin sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. A zaɓi sarƙa mai layi biyu wadda ƙwayoyinta ke juyawa da gaske a kan ƙusoshinsu, kamar na sarƙar babur mai kyau, domin akwai masu arha da kamanninsu kawai ya yi daidai amma suna saurin saki. Kamfanoni irin su Cloyes da Comp Cams sun daɗe suna yin waɗannan saiti, wasu da farantin zubi, wasu da farantin da aka fafe daga dunƙulen ƙarfe, kuma ga injin da ke ɗauke da sifirin masu tauri na biyun ya fi cancanta. Sai dai dole mutum ya san bulok ɗinsa. Injunan da suka fito daga 1987 da kamshaf mai tafet na rola tun daga kamfani (tafet shi ne ƙarfen da ke hawa kan kamshaf ya tura bawul) suna da ƙaramin farantin da ke riƙe kamshaf a gaba, kuma hancin kamshaf ɗinsu da tazarar notinansa sun bambanta da na tsofaffi, don haka saitin wannan ba ya hawa wancan. Injin Vortec na 1996 zuwa sama kuwa murfin gabansa na roba ne, kuma a bayansa akwai zoben da na'urar karanta juyin karanshaf ke dogara da shi, saboda haka a nan sarƙa mai layi ɗaya mai ƙarfi ita ce zaɓin da ba ya jawo ciwon kai. Jerin injunan Chevrolet da ake kira LS, da ya fara da motar Corvette ta 1997, wani inji ne daban, ba shi wannan bayani ya shafa ba.

Akwai kuma abin da sai mai injin gurza ne zai gaya maka. Idan an taɓa gyara mazaunin metal na karanshaf a jikin bulok, karanshaf yakan ɗan matso kusa da kamshaf, sai ka ɗora sabuwar sarƙa ful ka ga tana lilo kamar tsohuwa. Don irin wannan ne ake sayar da saitin da aka rage wa tsawo da inci 0.005 ko 0.010. Tambaya ɗaya tun kafin a yi oda tana hana asarar kuɗi da jiran makonni, musamman ga wanda kayan daga ƙasar waje za su zo masa. Wasu kan tsallake sarƙa gaba ɗaya su koma giya-da-giya, inda haƙoran giya ke haɗa karanshaf da kamshaf, saboda suna son kukan da take yi, amma a ganina wannan ba dabara ba ce ga motar titi, domin sarƙa tana shanye wani ɓangare na girgizar karanshaf, giya kuwa miƙa ta take yi kai tsaye zuwa ga bawuloli.

Game da kayan aiki, notinan wannan inji na inci ne, don haka makaniken da akwatinsa ya cika da sifanu na milimita ya nemi na inci, kada ya ce mai lamba 13 za ta wadatar a madadin rabin inci, domin haka ake murje kan noti. Ana buƙatar abin zaro damfa mai notina uku da abin mayar da ita, da abin zaro farantin karanshaf, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da sabon gaskit da sil na murfin gaba. Sai kuma abubuwa uku da a wurina su ne zuciyar aikin: faifan digiri, da agogon awo mai allura tare da mazauninsa na maganaɗisu, da matokarin fistan da ake ɗaurawa a ramin fulogi.

Kwancewa ba ta da wani sirri. A cire kan batir, a zubar da ruwa da baƙin mai, a sauke lagireto da fanka da bel da fuloli da famfon ruwa, a cire fulogai duka don inji ya riƙa juyawa cikin sauƙi. Damfa da abin zarowa ake fitar da ita, wanda ke kama cibiyarta ta ramukan noti, ba mai ƙugiya da ke kama gefenta ba, domin zoben wajen a kan roba yake zaune kuma ƙugiya za ta ɓamɓare shi. Leɓen ƙasa na murfin gaba yana zaune ne a cikin bakin kaskon mai, saboda haka sai an sassauta notinan kasko an ɗan sauke gabansa kafin murfin ya fito ba tare da an lanƙwasa shi ba.

Da murfi ya fita, kada a yi gaggawar taɓa sarƙa. A juya inji har ɗigon farantin kamshaf ya sauko ƙasa, na farantin karanshaf ya hau sama, su fuskanci juna a layi ɗaya da tsakiyar sandunan biyu. A nan akwai abin da ke ruɗa mutane da yawa. Tsarin tashin wutar wannan inji shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, kuma fistan na 1 da na 6 tare suke hawa sama. Lokacin da ɗigo ke fuskantar ɗigo, fistan na 1 yana sama, amma silinda ta 6 ce ke kan tashin wuta. Wanda bai cire distiributa ba kuma bai juya kamshaf ba, wannan ba zai dame shi ba. Wanda ya cire ta kuwa, idan ya mayar da ita rota tana kallon waya ta 1 a wannan matsayi, inji ba zai tashi ba, sai dai ya riƙa tofo wuta ta kafireto. Bayan an daidaita ɗigon, a kwance notina uku na farantin sama, a sauke shi tare da sarƙa, sannan a zaro farantin ƙasa da abin zarowa.

Sabon farantin karanshaf yawanci yana zuwa da gurbin ki (ɗan ƙarfen da ke kulle faranti a jikin karanshaf) guda uku, wasu ma tara. A mai uku, alamar da'ira tana nufin yadda kamfani ya tsara, alwatika tana nufin gabatar da kamshaf da digiri 4, murabba'i kuma jinkirta shi da digiri 4, ko da yake ya kamata a duba takardar da ta zo cikin kwali domin kamfanoni kan bambanta. Kowace alama sau biyu take bayyana, ɗaya a bakin gurbin ki, ɗaya a jikin haƙori, kuma dole a yi aiki da iri ɗaya: idan ki ya shiga gurbi mai da'ira, haƙori mai da'ira ne zai fuskanci ɗigon sama. Haɗa gurbin wata alama da haƙorin wata alama shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki. Shawarata ita ce a fara da da'ira. Yawancin kamshaf na ƙarin ƙarfi an riga an gina musu gabatarwar digiri 4 a jikinsu tun daga masana'anta, to wanda ya sake zaɓar alwatika ba tare da awo ba ya kai 8 bai sani ba. A tura farantin da bututun da ya dace har ya zauna daram a kafaɗar karanshaf, gefensa mai fiƙe yana kallon ciki.

Kafin a ɗora sarƙa, a fara gwada farantin sama shi kaɗai a juya shi da hannu, ana leƙa bayansa da tocila. Sarƙa mai layi biyu ta fi ta asali faɗi, kuma a wasu bulok tana gogar tudun ƙarfen da ke saman ramin kamshaf, inda hanyoyin mai suke ƙarewa. Na taɓa buɗe injin da wani ya haɗa bai duba wannan ba, na ga wurin yana ƙyalli kamar an goge shi da takardar yashi, gefen sarƙar ya cinye, garin ƙarfen kuma duk ya bi mai ya zaga inji. Idan akwai gogayya, sai a toshe duk wata kafa da tsumma da salatif, a ɗan gurje tudun da ƙaramin injin gurza, a share wurin tas. Haka kuma a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar farantan biyu a tabbatar suna kan layi ɗaya, domin idan ɗaya ya fi ɗaya fitowa sarƙar za ta riƙa tafiya a karkace ta ci gefen haƙora.

A jiƙa sarƙar cikin sabon baƙin mai tun da wuri, a shafa man haɗa inji a bayan farantin sama inda yake gogar bulok, sannan a rataya sarƙar a kan farantin, a zura ta ƙarƙashin na ƙasa, a kai farantin kan ƙusar da ke hancin kamshaf. Da notinansa uku ake jawo shi a hankali har ya zauna. Kada a kuskura a buga shi da guduma, domin a bayan kamshaf akwai wani murfin ƙarfe da ke toshe bulok, idan ya motsa mai zai riƙa zuba ta baya, gyaransa kuma sai an raba inji da giyabos. Notinan ana ɗaure su da ƙarfin fam-ƙafa 20, wato kimanin nitan-mita 27, da ɗigon gam na noti ko farantin kulle mai kunnuwa da ake lanƙwasawa. Amma a wannan mataki a ɗaure su ba gam tukuna, domin mai yiwuwa ne a sake kwancewa bayan awo.

Yawancin masu gyara a nan suke tsayawa, su ce ɗigo ya fuskanci ɗigo, a rufe. Ni kuwa a nan nake ganin aikin ya fara. Ɗigon yana nuna maka ne kawai cewa ba ka tsallake haƙori ba, wanda a farantin karanshaf mai haƙora 22 ya haura digiri 16. Ba ya gaya maka ko gurbin ki na karanshaf, da ramin ƙusar faranti, da yankan kamshaf ɗin kansa, kowanne ya kauce da digiri ɗaya ko biyu, kuma idan duk suka kauce gefe ɗaya, injin da aka kashe wa kuɗi mai yawa sai ya fito ba kuzari, a yi ta zargin kafireto.

Awon yana farawa da gano ainihin ƙololuwar fistan na 1, wanda shi ne na gaba a ɓangaren hagu idan kana zaune a kujerar direba. A ɗaura faifan digiri a hancin karanshaf, a lanƙwasa waya mai kauri a ɗaure ta a jikin bulok ta zama manuni. A sassauta rokokin silinda ta 1, wato ƙarafan da ke danna bawul daga sama, don kada bawul ya haɗu da matokari, a sauke fistan ƙasa kaɗan, a ɗaura matokarin a ramin fulogi. A juya inji da hannu a hankali har fistan ya taɓa shi, a rubuta lambar da manuni ya nuna, sannan a juya ta ɗaya gefen har ya sake taɓawa, a rubuta. Tsakiyar lambobin biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. A gyara faifan ko wayar har lambobin biyu su zama daidai a kowane gefe na sifili, a cire matokarin, daga nan kuma kada wani ya sake taɓa wayar.

Sai a kafa agogon awo a kan tafet na bawul ɗin shigar mai na silinda ta 1, tsinkensa a miƙe daidai da tafiyar tafet ɗin, ba a kan roka ba. A juya inji hannun agogo har allura ta kai iyakar hawanta, a mayar da agogon sifili a wurin. A koma baya fiye da yadda ake buƙata, sannan a dawo gaba har allura ta nuna saura inci 0.050 a kai ƙololuwa, a karanta faifan. Dalilin wuce wuri a dawo shi ne don sarƙa ta kasance a miƙe ta gefen da take ja lokacin da inji ke aiki, in ba haka ba sakinta zai shiga cikin lissafi. A ci gaba da juyawa, a wuce ƙololuwa har allura ta sauko da inci 0.050 a ɗaya gefen, a sake karantawa. A tara lambobin biyu a raba biyu. Misali, idan an samu 62 da 150, jimilla 212 ke nan, rabinsa 106, kuma idan katin bayanin da ya zo tare da kamshaf ya ce tsakiyar buɗewar bawul ɗin shiga tana digiri 106 bayan ƙololuwa, to an dace. Idan aka samu 110, kamshaf ya yi jinkiri da digiri 4, sai a koma gurbin alwatika a sake awo daga farko. Ƙaramar lamba tana nufin gabatarwa, babba tana nufin jinkiri. Ni nakan maimaita awon sau biyu ko uku, kuma ba na yarda da shi sai ya ba ni amsa ɗaya.

Wanda ke son kauce wa abin da kati ya ce da gangan ya san abin da yake saye da abin da yake sayarwa. Gabatar da kamshaf yana sa bawul ɗin shiga ya rufe da wuri, inji ya ƙara ƙarfin tashi a ƙaramin juyi, jinkirtawa kuma yana tura ƙarfin zuwa babban juyi. Sai dai gabatarwa tana matso da bawul ɗin shiga kusa da fistan, jinkirtawa kuma tana matso da na fitar hayaƙi. Tazarar da masu haɗa inji suka saba kiyayewa ita ce aƙalla inci 0.080 ga na shiga da 0.100 ga na fita, wato kimanin milimita 2 da milimita 2.5, kuma ga kamshaf mai ɗagawa sosai wajibi ne a auna wannan duk lokacin da aka sauya gurbi.

Idan tsohon bulok ne aka saka wa kamshaf mai tafet na rola, akwai ƙarin mataki. Kamshaf mai tafet shafaffe yanayin yankansa ne ke riƙe shi baya, na rola kuwa ba abin da ke hana shi tafiya gaba, don haka ake sa masa maɓalli a tsakiyar faranti wanda ke tokarar murfi, a bar masa wasan inci 0.005 zuwa 0.010. Murfin kamfani na gwangwani ne mai laushi da ke iya lotsawa, shi ya sa ake ƙarfafa shi ko a sa na alminiyam, amma a gwada ko na alminiyam ɗin zai wuce bayan famfon ruwa kafin a shafa gam.

Bayan awo ya tabbata, a kwance notina ukun ɗaya bayan ɗaya a sa musu gam a ɗaure da ƙarfin da aka ambata. A buga sabon sil a murfi, a shafa mai a leɓensa, a sa ɗan gam na silikon a kusurwoyin da murfi da kasko da bulok suke haɗuwa, domin nan ne yoyo ya fi fitowa, sannan a ɗaure ƙananan notinan murfi da hannu mai sauƙi. A duba wuyan damfa, idan tsohon sil ya yi masa zobe mai zurfi a sa masa rigar gyara ko a sauya damfar. Da abin mayarwa ake tura ta, ba da guduma ba, domin kowane bugu yana sauka a kan metal ɗin da ke tare karanshaf daga gaba da baya. Notinta fam-ƙafa 60 ne, kimanin nitan-mita 81. Tun da ka riga ka san ƙololuwa ta gaskiya, ka tabbatar karanshaf yana kanta lokacin da ka cire faifan digiri, ka duba ko layin damfa ya faɗa a kan sifilin manunin murfi, idan ya kauce ka gyara manunin ko ka yi sabuwar alama da fenti.

A mayar da rokoki a daidaita su, a juya inji da hannu cikakken juyi biyu ana sauraron ko wani abu zai tokare, sannan a mayar da famfon ruwa da lagireto, a zuba ruwa da sabon mai da sabuwar filta. Da inji ya tashi a haska fitilar tayimin a sake saita distiributa, domin sabuwar sarƙa da duk wani sauyin gurbi sun motsa lokacin wuta. A bar shi ya yi zafi ana leƙa ƙarƙashin murfi da bakin kasko, kuma bayan tafiyar farko mai ɗan nisa a sauya mai, a yanka tsohuwar filtar a buɗe takardarta a rana a duba ko akwai ƙyallin garin ƙarfe a cikin ninkinta.